Ranar da Na Tsuguna a Majalisin Dakta

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin Asabar ɗin da abokan aikina suka naɗa ni bakinsu, ni kuma na je gaban mutane na kulle bakin. In na tuna nakan yi dariya, amma dariyar ba ta nisa, domin abin da na yi a kan wani ya faɗa, ba a kaina ba.

Ni malamin lissafi ne a wata kwaleji a nan Jidda, irin wadda ake yin difloma ta shekara biyu. To amma ba cikakken malami ba ne. Mu ana ce mana muta'awin, wato masu taimakawa. Awar da ka shiga aji ita ce taka, wadda ba ka shiga ba babu ita, ko da kuwa a gadon asibiti ka yi ta. Ba mu da ofis. Ofishina bayan motata ne, can nake ajiye takardun jarrabawa da sallaya da takalmin canji. Duk farkon zango muna zaune kusa da waya muna jiran a kira a ce an ba mu aji, kuma in ba a kira ba babu wanda za ka tambaya dalili. Hutun bazara kuwa ba hutu ba ne a wurinmu. Ni dai nakan ɗauki fasinja da motata ta manhajar waya, da takunkumi a fuska (ba don cuta ba, don kada wani ɗalibina ya shigo ya ce, "Ustaz, kai ne?").

Wanda ya shigar da ni aikin shi ne Ustaz Hamza, haifaffen unguwar Ammariyya, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Shi ya koyar da ni a wannan kwalejin, shi ya kai sunana wurin shugaban sashe, kuma har gashin kansa ya yi fari yana nan a matsayin mai taimakawa. Mutum ne mai barkwanci. Yakan ce ya taimaka wa kwalejin nan har ta girma ta aurar da 'ya'ya, amma ita ba ta san sunan unguwarsu ba. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ƙodarsa ta daina aiki, wankin ƙoda ake yi masa a asibiti. Ya tsara azuzuwansa a ranakun da ba ya zuwa wankin, hannun rigarsa kuma kullum a maɓalle yake har wuyan hannu, ko da zafin Jidda ya kai inda ya kai. A duk kwalejin ni da Ustaz Majid ne kawai muka sani. Tsoronsa ɗaya ne: ranar da aka ji, za a ga ba abin dogaro ba ne, a daina kiransa.

Ustaz Majid Balarabe ne, malamin turanci, mutum mai zafin nama da yawan sanin mutane. Shi ya samo mana hanyar ganin wani ɗan Majalisar Shura, wanda zan kira Dakta kawai. In Dakta yana Jidda yakan buɗe majalisin gidansa ranar Asabar bayan la'asar, kowa ya zo ya gaishe shi, mai buƙata ya faɗa. Ya aiko mana cewa yana son ya kai maganarmu gaban kwamiti, ko a gyara ƙa'idar da ake ɗaukar irinmu a kanta: a riƙa ba mu kwantiragin shekara, a ba mu hutun rashin lafiya. Amma ya ce yana son ya ji daga bakin wanda abin ya shafa, domin abin da ya ji da kunnensa ya fi sauƙin karewa a gaban abokan aikinsa.

Ni aka zaɓa. Ban yi mamaki ba, gaskiya, don a inuwar wurin ajiye motoci inda muke taruwa babu wanda ya kai ni iya tsara ƙorafi. Tsarin shi ne in fara da halin da nake ciki ni kaina, ba ɓoye-ɓoye, sannan in kawo labarin "wani abokin aikinmu" mai ciwo. Ustaz Hamza ya ja ni gefe ya ce, "Ka faɗi labarina, amma kada ka kama sunana. Kada ma ka dubi inda nake zaune."

Na bugi ƙirji na ce, "Halas, an gama, ya Ustaz. Kai dai ka zauna ka sha gahawarka."

Na yi ta bitar jawabin nan kamar mai shirin musabaƙa. Na yi wa madubi, na yi wa sitiyarin mota a cunkoson hanya, na yi wa matata Ramlatu har ta yi hawaye. (Allah Ya yafe mini, hawayen nan daɗi suka yi mini. Na ce a raina in har Ramlatu, wadda ta san ƙarshen labarin, ta yi kuka, to Dakta sai an riƙe shi.) Ita ta goge mini farar riga, ta fesa mini turaren da ba na taɓawa sai sallah.

A nan sai na gaya muku wani abu game da surukina, mahaifin Ramlatu. Baba mutumin Kano ne da ya zo aikin hajji tun yana saurayi bai koma ba, yana da shagon yadi da turaren wuta a kasuwar Bab Makka. Ni kuwa a unguwar Madain Fahd ta nan Jidda aka haife ni, Larabci ya fi zama a bakina fiye da Hausa, amma uwata ta rene ni da tsohuwar tarbiyya, musamman a kan surukuta. Ban taɓa cin abinci a gaban Baba ba. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, kuma duk inda na gan shi sai na kai ƙasa na gaishe shi. Lokacin neman aure an ce masa ni malami ne a kwaleji. Gaskiya ne. Daga nan mutanen kasuwa suka fara ce mini Duktur, wato Dakta da Larabci, ni kuma ban taɓa cewa ni Duktur ne ba, ban kuma taɓa cewa ba shi ba ne. Haka muka zauna lafiya.

Majalisin Dakta falo ne mai faɗi, kujeru a jere jikin bango, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Ya cika da maza: 'yan kasuwa, dattawa, ma'aikata, da wasu matasa 'yan'uwansa. Aka zagaya da gahawa da dabino. Ustaz Hamza ya zauna can kusa da ƙofa, Majid yana gefena. Da aka zo kanmu, Dakta ya yi mini alama da hannu, na miƙe tsaye. Na yi hamdala, na yi salati, na gode masa da buɗe ƙofarsa, muryata tana fita daram har ni kaina ina jin daɗinta. Na kai daidai inda zan ce, "Mu muta'awin," sai ƙofa ta buɗe.

Wani dattijo ya shigo da ƙunshi a hannu, da hula irin ta Kano a kansa. Ina dubawa na ga Baba ne. Dakta ya tashi da sauri ya tare shi, ya sumbaci kansa yana ce masa Ammi, wato baffana. Ashe tun zamanin mahaifin Dakta, Baba ne yake kawo wa gidan itacen turare, kuma duk Asabar ɗin da ya samu sarari yakan leƙo. Ni ban taɓa sani ba. Yaya zan sani, ni da hirarmu ba ta wuce "ina wuni" da "madalla" ba?

Ban yanke shawarar komai ba. Gwiwoyina ne suka yanke. Kafin in ankara na ji ni a ƙasa, a tsakiyar falo, a tsugune, kaina a sunkuye, ina cewa da Hausa, "Barka da yamma, Baba. An wuni lafiya?" Mutanen falon duk suka juyo suna kallona. Su a wurinsu ba a gaisuwa a tsugune, don haka wasu suka ɗauka jiri ne ya kwashe ni. Mai zuba gahawa ya ajiye butarsa ya rugo da ruwa. Wani dattijo ya ce a ba ni dabino, wataƙila sukari ne ya sauka. Ni kuma ina nan a ƙasa, domin Baba bai gama amsa gaisuwa ba, kuma ba a tashi sai an gama.

Baba ne ya yi musu bayani da Larabcinsa na kasuwa. "Babu komai, al'adarmu ce. Surukina ne, mijin 'yata. Duktur ne a kwaleji."

Aka yi dariya ta jin daɗi, wasu har da cewa masha Allah da wannan ladabi. Dakta ya zaunar da Baba a damansa, ya dube ni da fara'a ya ce, "To ashe na gida ne. Tashi, ya Ustaz, ci gaba. Fara da kanka. Kai yaya halinka a wannan aiki?"

Na miƙe. Baba yana zaune daidai gabana yana jan carbi. Jawabin nan duka yana kaina, ban manta ko kalma ba. Sai dai a cikinsa akwai motar haya da takunkumi, akwai ranar da Ramlatu take naƙuda na bar ta a asibiti na tafi aji don kada awar ta wuce ni. Wannan 'yarsa ce. Zan tsaya a gaban abokansa in ce abin da na iya yi mata ke nan? Na buɗe baki, sai na ji wata murya mai kama da tawa tana cewa, "Alhamdu lillahi, ya Duktur. Asirinmu a rufe yake. Ba mu rasa komai ba."

Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma shirun da ya biyo baya ya tsorata ni, sai na shiga cike shi. Na yabi kwalejin. Na yabi ɗalibai. Na ce hutun bazara ma wata dama ce ta hutawa da yin bincike (bincike, jama'a, ni da binciken da nake yi a bazara shi ne ta wace hanya zan kauce wa cunkoson filin jirgi). Majid ya ɗaga kai yana kallon rufin ɗaki kamar mai neman inda yake yoyo. Labarin "wani abokin aikinmu" yana nan a maƙogwarona, amma ƙofar shigarsa ita ce kalmar muta'awin, kuma ita ce kalmar da na kasa furtawa a gaban Baba. Na yi godiya, na zauna.

Dakta ya dubi Majid ya ce, "To masha Allah. Ni an ce mini akwai damuwa." Ba da gatse ya faɗa ba. Mutum ne da ya ware lokaci don ya ji kuka, aka zo aka yi masa godiya.

A bakin ƙofa na hango ana hura gawayi a kaskon turare. A irin wannan majalisi, in turare ya zagaya zama ya ƙare, kowa sai ya kama hanya. Majid ya yunƙura zai yi magana, amma shi bai daɗe a aikin ba, kuma kowa ya san gidansu da rufin asiri, maganarsa ba za ta yi nauyi ba. Sai na ji kujera ta motsa can kusa da ƙofa.

Ustaz Hamza ya tako a hankali har tsakiyar falo, daidai inda na tsuguna. Ya ce, "Ya Duktur, a yi wa ɗan'uwana uzuri. Yaro ne mai kunya, kuma kunya ba aibi ba ce." Sannan ya ɓalle maɓallin hannun rigarsa na hagu, ya naɗe shi har gwiwar hannu. Jijiyar da ake sa wa allura ta kumbura ta yi tudu-tudu, fatar wurin duk tabo. Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa. Ya ce shi muta'awin ne tun waɗansu daga cikin matasan falon nan ba su shiga makaranta ba. Ya ce akwai ranakun da yake fitowa daga wanki jiri na ɗibarsa, ya kwana, gari ya waye ya tsaya a gaban allo yana dafe da tebur, domin in ya ce ba shi da lafiya babu wata ƙa'ida da za ta riƙe masa ajinsa. "Ba sadaka muka zo nema ba," in ji shi. "So muke a rubuta cewa mu ma muna iya yin ciwo."

Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ni ne na yi alkawarin ba zan dubi inda yake ba, sai ga shi shi ne yake kare ni daga idonsa. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar a wannan lokaci ba.

Dakta ya taso ya riƙe hannun nan da hannuwansa biyu, ya sauke masa rigar da kansa, ya ce zai kai maganar. Aka zagaya da turare. Ni ko ƙanshinsa ban ji ba. Abin da nake gani kawai shi ne yawan mutanen da ke falon, kuma a Jidda kowa ɗan'uwan wani ne, labarin ciwon nan sai ya kai kwaleji.

A waje Baba ya ce in sauke shi a gida. Muka yi tafiya mai nisa, yana gidan baya, ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Sai da muka kusa unguwarsu ya ce, "Wato kai a zatonka ban sani ba?"

Na kafa ido a kan hanya.

Ya ce, "Bazarar bara ka zo Bab Makka ɗaukar wata mata da kayanta, ka rufe fuska. Motarka ba ta sa takunkumi ba ai. Ina ganinka na shige bayan yadi na tsaya, har ka tafi, don kada ka gan ni ka ji kunya. Duktur ɗin nan da nake ce maka, don na ga kana so ne." Ya ja numfashi. "Da ka faɗa yau, da ni ma na huta da ɓuya. Ni ka ji kunyata, ɗana, amma wancan bawan Allah ka bari ya tuɓe a gaban mutane."

Wannan ce magana mafi tsawo da Baba ya taɓa yi mini. Na so in tsaya in sauka in tsuguna, amma muna tsakiyar titi, sai kawai na ci gaba da tuƙi ina share fuska da hannun rigata.

Da sabon zango ya zo, wayata ta yi ƙara. Aka ce an ƙara mini azuzuwa. Na ji daɗi na ɗan lokaci, har sai da aka faɗa mini ranakun da ɗakin, na gane na wane ne. Ustaz Hamza ba a kira shi ba. Babu wanda ya ce saboda ciwonsa ne, kuma ba zan rantse ba, don ba a ba irinmu dalili. Amma shekara da shekaru ana kiransa, sai bayan wannan Asabar ɗin wayarsa ta yi shiru.

Na tafi Ammariyya na same shi a ɗakinsa na ƙasa, na ce ba zan karɓa ba. Ya yi dariya har da tari. "In ka ƙi sai su kira ni? Wani za su ba, wanda bai san ɗaliban ba. Yalla, maza karɓi abinka, kana da iyali." Ya jawo wata leda ya miƙo mini, alƙaluman allonsa ne a ciki. Ya ce na'urar sanyin ajin nasa tana ɗiga a layin baya, kada in zaunar da kowa a wurin. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. "Halas. Ni ma na gaji da maɓallin nan. Amma wallahi tsugunon ya yi kyau, ban taɓa ganin wanda ya sauka da sauri haka ba." Na yi dariya, sannan dariyar ta juye, shi ne kuma ya koma yana ba ni haƙuri.

Dakta ya cika alkawari ta ɓangarensa, ya sake kiranmu don ya ƙara jin bayani kafin ya koma Riyad. A wannan karon da kaina na biya Bab Makka na ɗauko Baba. Na zaunar da shi, na tsuguna na gaishe shi a gaban kowa, na jira ya gama amsawa, sannan na miƙe na faɗi komai, har motar haya, har ranar naƙuda. Ba a mutu ba. Baba ma gyaɗa kai yake yi. Maganar tana can ana dubawa, muna jira, kuma jira dai mun iya shi.

Ustaz Hamza bai koma aji ba. A ranakun wankinsa, in ba ni da darasi, nakan je in zauna gefen gadonsa ina duba takardun ɗalibai, yana leƙowa yana cewa na cika rowar maki. Abin da na koya bai da yawa. In aka ce ka zama bakin mutane, ka fara tambaya su wa za su zauna a ɗakin. In kuma surukinka ya shigo, gwiwa ta yi aikinta, baki ma ya yi nasa, don ashe ba sa hana juna. Na gano haka a makare. Har yau ɗalibai suna kiran ɗakin da nake koyarwa ajin Ustaz Hamza, kuma kamar zancen Duktur, wannan karon ma ban gyara wa kowa ba.